Hasken da Ke Fasa Madubinsa: Fashin Baƙi Kan Abin da Ya Ɗaure Manyan Na'urorin Leza

Ranar 5 ga Disamba, 2022, a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore da ke jihar Kalifoniya a Amurka, na'urar lezar da ake kira NIF (leza na'ura ce mai fitar da haske mai ƙarfi, launi ɗaya, a miƙe) ta tattara haskenta ta hanyoyi 192 ta zuba shi cikin wani ɗan mitsitsin gwangwani mai ɗauke da ƙwallon makamashi. Megajul 2.05 na haske ya shiga, megajul 3.15 ya fito (jul ma'aunin makamashi ne, megajul kuma jul miliyan ɗaya). Wannan ne karo na farko da haɗewar ƙwayoyin zarra a ɗakin gwaji ta biya fiye da abin da hasken ya kai mata, kuma kafofin labarai na duniya sun yi ta yayatawa. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba: me ya sa hasken ya tsaya a 2.05? Me ya hana a ƙara shi tun shekarun baya, tunda an gama ginin na'urar a 2009?

Babban abin da ya hana shi ne gilashi. Duk hasken nan dole ya ratsa ta gilasai, ya yi karo da madubai kafin ya isa inda aka aike shi, kuma idan ya wuce wani mizani sai ya fara cin hanyar da yake bi. Ya huda gilashi, ya ɓamɓare shafen madubi, ya bar tabo. Akwai fannin bincike sukutum da ya shafe fiye da shekara 50 yana fama da wannan matsala kaɗai, kuma a ganina masu wannan aiki ba su samun yabon da ya kamace su.

Mu fara daga abin da ke kan hancin mutane da yawa. Wanda ke sa tabarau na likita, idan ya karkata shi a gaban fitila, zai iya ganin wani ɗan ƙyalli kore ko mai ruwan shuni a fuskar gilashin. Wannan alamar shafe ce. Gilashin da ba a shafa masa komai ba yana mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗo masa a kowace fuska. Kashi 4 ba wani abu ba ne a taga, amma kyamarar da aka jera wa gilasai 10 tana da fuskoki 20, kuma idan aka yi lissafi, abin da zai isa ƙarshe bai kai rabin hasken ba. Sauran yana ta yawo a ciki yana dusashe hoto.

Tun 1886 Lord Rayleigh a Ingila ya lura cewa tsohon gilashin da fuskarsa ta dafe ya fi sabo fal barin haske ya wuce. Sai a 1935 Alexander Smakula na kamfanin Carl Zeiss a garin Jena na Jamus ya samo hanyar yin wannan da gangan, a 1938 kuma Katharine Blodgett ta kamfanin General Electric ta fito da tata hanyar. Sirrin yana cikin yadda haske ke tafiya. Haske taguwa ne, yana da tudu yana da kwari, kuma tazarar da ke tsakanin tudu da tudu ita ce tsawon zangonsa. Na koren haske ya kai wajen nanomita 550, nanomita ɗaya kuwa kashi 1 ne cikin miliyan na milimita. Idan aka shimfiɗa wa gilashi wani sinadari garai-garai, haske zai dawo daga wuri biyu: saman shimfiɗar da kuma ƙasanta. In aka daidaita kaurin ya zama rubu'in zangon hasken a cikin sinadarin, wanda ya dawo daga ƙasa zai makara da rabin zango daidai. Tudun wannan ya faɗa kwarin wancan, su kashe juna. Hasken da bai samu damar dawowa ba kuwa gaba yake wucewa. Shimfiɗa ɗaya ta magnesiyam fulorayid mai kaurin kimanin nanomita 100 tana sauke kashi 4 ɗin nan zuwa ƙasa da 1.5. Launin shuɗi-shuɗin da ake gani a fuskar farantan sola da yawa ma daga irin wannan shafe yake.

In an juya dabarar, sai ta ba da madubi. A ɗora sinadarin da ke lanƙwasa haske sosai, a bi shi da wanda ba ya lanƙwasawa sosai, a sake, a sake, kowanne rubu'in zango. A nan duk hasken da ke dawowa daga kowace iyaka tudu kan tudu yake haɗuwa. Da shimfiɗa 20 zuwa 30 ana samun madubin da ke mayar da fiye da kashi 99, alhali babu ɗigon ƙarfe a jikinsa. Wannan yana da muhimmanci, domin madubin ƙarfe, ko na azurfa ne ko na zinare, yana shanye wani ɗan kaso na hasken ya mayar da shi zafi. A fitilar ɗaki ba komai. A leza mai ƙarfi, ɗan kason nan ya isa ya narkar da fuskar madubin.

Sinadarai biyu da suka fi fice a wannan aiki su ne silika, wato tataccen abin da ke cikin yashi, da hafniya. Akwai kuma tantala. Ga mutanenmu waɗannan ba baƙi ba ne ƙwarai: hafniyam, ƙarfen da ake haɗa hafniya da shi, daga ma'adinin zirkon ake tace shi, tantalam na tantala kuma daga dangin kwalambait da tantalait, irin waɗanda ake samu tare da kuza a tsaunukan Jos. Ana yin shafen ne a cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinta. Ko dai a narkar da sinadarin da harbin elektaron har ya yi tururi ya sauka kan gilashin, ko a riƙa jifan sa da ƙwayoyi masu caji suna tsinko shi zarra-zarra. Hanya ta biyu ta fi ba da shafe mai tauri da santsi, amma tana da jinkiri da tsada, kuma takan bar matsi a jikin gilashin. Da ita aka shafe madubin na'urar binciken sararin samaniya ta LIGO da ke Amurka, masu nauyin kilo 40, a wani ɗakin gwaji da ke Liyon ta Faransa, madubin da suka sa aka ji girgizar sararin samaniya a ranar 14 ga Satumba, 2015.

To, ta yaya haske ke ɓata abin da ba ya shan haske? Nan ne gizo ke saƙar.

Da farko dai a gane cewa yawan makamashin ba shi ne abin tsoro ba. Megajul 2 ɗin NIF bai wuce abin da zai tafasa ruwa lita 6 ko 7 ba. Abin da ya sa ya zama bala'i shi ne ana sakin sa ne cikin 'yan nanosakan, wato 'yan kasoshi cikin biliyan na daƙiƙa. Shi ya sa masu wannan fanni abu biyu suke tambaya kullum: jul nawa ya sauka a kan kowane murabba'in santimita, kuma cikin wane tsawon lokaci?

Idan bugun hasken, wato tsawon lokacin da ake sakin sa, na nanosakan ne, kusan kullum ɓarnar daga aibi take farawa. Tataccen gilashi marar aibi zai iya jure ninkin-ba-ninkin abin da ake harba masa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tarihin wannan fanni kusan duka farautar tsagar bango ne. A shekarun baya an gano cewa gilashin da ke ƙara wa leza ƙarfi yana fashewa daga ciki saboda 'yan ɓurɓushin filatinam da ke ɓantarowa daga tukunyar da ake narka shi. Ɓurɓushin ya sha haske, ya yi zafi nan take, ya tarwatsa gilashin da ke kewaye da shi. Sai da kamfanonin Schott da Hoya suka sake tsarin narkawar ta yadda filatinam ɗin zai narke ya baje a maimakon ya dunƙule. An kuma gano cewa gogewar da ake yi wa gilashi don ya yi sumul tana barin ƙananan tsagogi a ƙarƙashin fuskarsa, ga kuma ragowar garin seriya da ake gogewar da shi, wanda ke shan hasken altarabayolet. Ido zai ga gilashi tas, amma a ƙarƙashi akwai dubban wuraren da wuta za ta iya kamawa.

A shafen madubi kuwa, babban abokin gaba shi ne abin da za mu iya kira ƙurji. Yayin da ake narkar da hafniya, wani ɗan tsaki yakan yi tsalle ya manne a fuskar gilashin. Duk shimfiɗar da ta biyo baya sai ta hau kansa ta lulluɓe shi, kowacce ta fi ta baya faɗi, har ya zama ɗan tudu a sama mai tsini a ƙasa. Tudun nan yana aiki irin na gilashin tattara haske: ya tara hasken a cikinsa, ya yi zafi, ya fice da ƙarfi ya bar rami. Ɗaya daga cikin magungunan da aka samo shi ne a riƙa narkar da ƙarfen hafniyam zalla a cikin iskar oksijin maimakon hafniyar da aka riga aka haɗa, domin ƙarfen bai cika tartsatsi ba. Wani maganin kuma ya fi ban sha'awa: kafin a kai madubi bakin aiki, a bi fuskarsa da leza mai sauƙin ƙarfi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ƙurajen da ba su kafu sosai ba sai su fice a hankali su bar rami mai tsabta, wanda ya fi ƙurjin juriya nesa ba kusa ba.

Saboda ɓarnar ta dogara ne ga ko hasken ya ci karo da aibi ko bai ci ba, lamarin ya zama na dace. Wannan ya sa duk lokacin da na ga kamfani ya rubuta lamba ɗaya tak a matsayin iyakar juriyar madubinsa, ba tare da bayanin yadda aka gwada ba, ba na ɗaukar ta da nauyi. Gwajin da aka yi da ɗigon haske ƙarami a wurare kaɗan zai iya tsallake duk aibobin, ya ba da lamba mai daɗin ji, alhali hasken da ya cika faɗin madubin babu aibin da zai kuɓuce masa. Haka kuma wurin da ya jure harbi ɗaya yana iya sarewa a harbi na dubu. Akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta gwaji, ISO 21254, wadda ta bambance harbi ɗaya a wuri ɗaya da harbi da yawa a wuri ɗaya. Akwai kuma taron shekara-shekara da Arthur Guenther da Alexander Glass suka assasa a 1969, wanda ya shahara da sunan garin Boulder na jihar Kolorado. Tun 2008 ake gudanar da wata gasa a taron: kamfanoni da jami'o'i su aiko da samfurinsu, a ɓoye sunayen masu shi, a gwada su duka a na'ura ɗaya. Wannan tsari yana burge ni, domin yana raba gaskiyar sana'a da zaƙin bakin talla.

A NIF matsalar ta fi tsanani a gilasan ƙarshe. Na'urar tana samar da haske mai zangon nanomita 1053, sannan a ratsa da shi ta wasu faranta na lu'ulu'un gishirin KDP su mayar da shi nanomita 351, wato altarabayolet, domin shi ne ya fi dacewa da abin da ake harbi. Shi ne kuma ya fi cin gilashi. Da zarar tabo ya fito a fuskar da hasken ke fita, kowane harbi mai ƙarfi ƙara masa girma yake, kuma girman ninkawa yake yi. Masu tafiyar da na'urar sun yanke wata shawara da nake ganin ita ce mafi hikima a duk wannan labari: sun daina jiran gilashin da ba zai taɓa lalacewa ba, suka amince su yi aiki a saman iyakar juriyarsa, amma su tsara yadda za su riƙa jinyar sa. Bayan harbi, wata kyamara takan shiga tsakiyar ɗakin gwajin ta leƙa gilasan ta ƙirga tabban. Tabon da ya fara girma sai a yi masa inuwa, wato a toshe ɗan yankin hasken da ke bi ta kansa tun daga mafarin na'urar. In tabban sun yi yawa a ciro gilashin, a kai shi ɗakin gyara, a sa wata lezar daban mai aiki da iskar kabon dayoksaid ta ƙwaƙule kowane tabo ta bar ɗan rami mai santsi wanda ba ya girma, a sake shafe, a mayar. Sababbin gilasai kuma ana yi musu wanka da asid mai cin gilashi don ya zaizaye tsagogin gogewa. Har ma an gano cewa ɓurɓushin da ke tashi daga garkuwar gilashi mai araha da ake sawa a gaba yana komawa ya sauka kan mai tsadar ya haddasa sabon tabo, aka ƙara wata garkuwar a tsakani. Irin waɗannan gyare-gyare marasa amo su ne suka ba da damar wuce megajul 1.8 da aka tsara na'urar a kai tun asali.

Duk wannan labarin nanosakan ne. In aka gajarta bugun ya koma ƙasa da kimanin fikosakan 10 (fikosakan kashi 1 ne cikin dubu na nanosakan), sai dokar ta sake. Masu bincike a Livermore sun nuna haka a tsakiyar shekarun 1990. A dogon bugu, juriya tana ƙaruwa ne gwargwadon tushen murabba'in tsawon bugun: in ka ninka tsawon sau 100, juriyar ta ninka sau 10, alamar cewa yaɗuwar zafi ce ke tafiyar da lamarin. A gajeren bugu kuwa zafi ba ya ma samun lokacin motsawa. Ƙarfin lantarkin da ke cikin hasken shi da kansa yake fizge elektaron daga jikin zarra, waɗanda aka fizge su bangaje wasu, kan ka ce kwabo fuskar gilashin ta zama filasma, wato tururin zarrar da aka raba da elektaron ɗinta, ta tashi. A nan ba sai an sami aibi ba. Abin da ke magana shi ne irin riƙon da sinadarin ke yi wa elektaron ɗinsa, silika kuma ta fi hafniya riƙo, hafniya ta fi tantala. Don haka masu tsara shafe sukan karkata kaurin shimfiɗun sama ta yadda wurin da ƙarfin lantarkin ya fi taruwa zai faɗa cikin silika, ba kan iyakar shimfiɗu biyu ba. Wannan ɓarna mai tsabta, wadda ba ta ƙona gefe, ita ce likitocin ido suka ɗauka suke yanka da ita a aikin gyaran gani.

Yanzu mu zo ga giretin, wanda shi ne ya fi kowa shan wuya. Giretin faranti ne da aka jera wa fuskarsa kunyoyi sirara-sirara a layi ɗaya. Haske in ya faɗa kansa, kowane launi kusurwarsa daban yake kamawa. Launukan bakan gizo da ake gani a bayan faifan CD daga nan suke. Joseph von Fraunhofer ya haɗa nasa da siraran wayoyi a 1821, Henry Rowland na jami'ar Johns Hopkins kuma ya ƙera injin zana layukan a shekarun 1880, masana taurari suka daɗe suna cin moriyarsa. Amma abin da ya kai giretin tsakiyar harkar leza ya faru ne a 1985 a jami'ar Rochester, inda Donna Strickland, tana ɗalibar digirin digirgir, da malaminta Gérard Mourou suka warware wata matsala da ta tsaya wa kowa a wuya. Gajeren bugu in an ƙara masa ƙarfi yana fasa na'urar da ke ƙara masa ƙarfin. Sai suka fara miƙe bugun ya yi tsawo, launukansa suka jeru wani bayan wani, suka ƙara masa makamashi yana a miƙe, sannan a ƙarshe suka bi da shi ta giretin biyu waɗanda suka sa launin da ke gaba ya bi doguwar hanya, na baya ya bi gajeriya, duka suka iso tare. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2018, tare da Arthur Ashkin.

Dabarar ta ceci na'urar ƙara ƙarfi, amma ta tattara duk nauyin ta ɗora wa giretin na ƙarshe, domin a kansa ne bugun ke komawa gajere da cikakken ƙarfinsa. Lezar farko da ta kai fetawat, wato wat miliyan sau biliyan, an yi ta a Livermore a 1996 da giretin masu shafen zinare, faɗinsu kusan mita 1. Zinare yana karɓar launuka masu yawa, abin da bugu mafi gajarta ke buƙata, amma juriyarsa ba ta kai jul 1 a murabba'in santimita ba, kuma a duk karo yana cin wani kaso, bugun kuwa sau 4 yake karo. Shi ya sa a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da giretin marar ƙarfe: a gina madubi mai shimfiɗu, sannan a sassaƙa kunyoyin a shimfiɗar sama. Wanda aka fi amfani da shi ga zangon nanomita 1053 yana da layi 1,740 a kowane milimita. A farantin da ya kusa mita, layuka sun haura miliyan ɗaya da rabi ke nan, kuma dole su miƙe sak, tazararsu kada ta kauce. Ba a zana su da allura. Hasken leza biyu ake haɗawa su buga zanen a kan wani shafe mai jin haske, sannan a ci ƙasan da ƙwayoyi masu caji. Irin wannan giretin yana mayar da fiye da kashi 95, ya kuma fi zinare juriya sosai, sai dai launukan da yake karɓa ba su da faɗi. Idan ya lalace kuwa, daga gefen kunya yake farawa, daidai inda lissafi ya nuna ƙarfin lantarki yana taruwa, abin da ya sa ake ƙoƙarin sirantar da kunyoyin don taruwar ta faɗa a fili tsakaninsu.

Tunda juriyar kowane santimita tana da iyaka, hanya ɗaya ta rage: a faɗaɗa hasken, a faɗaɗa farantin. A lezar OMEGA EP ta jami'ar Rochester an jera giretin uku-uku gefe da gefe, ana daidaita su har su yi aiki tamkar guda. A cibiyar ELI-NP da ke Magurele a Romaniya, lezar da ta kai fetawat 10 a 2019 makamashinta jul 200 ne da ɗoriya kawai, cikin femtosakan 20 da 'yan kai (femtosakan kashi 1 ne cikin dubu na fikosakan), amma sai da aka buɗe hasken ya kai wajen rabin mita don giretin ɗin zinarenta su tsira. Ko a hakan akwai wata damuwar: tururin mai da ke saura a tukunyar da aka zuƙe wa iska yana sauka kan farantin, hasken ya gasa shi ya zama baƙin kabon, wanda ke shan haske yana rage juriya, dole a riƙa wanke shi da filasmar oksijin.

Masu neman wuce nan suna bin hanyoyi da dama. Wasu na gauraya hafniya da silika a shimfiɗa ɗaya don samun tsaka-tsakin riƙo da lanƙwasa. Wasu sun bar shafe gaba ɗaya a wasu gilasan, suna sassaƙa fuskar silikar da 'yan tsinaye da ba su kai zangon haske girma ba, ta yadda hasken zai shige ba tare da ya ji iyaka ba. Wasu kuma sun juya ga filasma kanta, tunda abin da ya riga ya tarwatse ba shi da sauran abin lalacewa. Madubin filasma tuni ana aiki da shi: gaban bugun ya ƙona fuskar wani gilashi mai araha, filasmar da ta tashi ta mayar da sauran bugun, a matsar da gilashin zuwa sabon wuri kafin harbi na gaba. Giretin da aka yi da filasma ko da iskar gas kuwa yana matakin gwaji a ɗakunan bincike, kuma babban aikin da ke gaban masu shi shi ne su sa kunyoyin da ba su daɗewa ko ƙiftawar ido su fito iri ɗaya a kowane harbi, a faɗin da zai ɗauki hasken fetawat.